Tsohon zanen gini na takarda: yadda ake mayar da shi fayil ɗin AutoCAD da za a iya gyarawa

Tambaya: Muna da tsohon fulan na ginin wata makaranta, shafi 14, girman A1, irin mai shuɗin layi da ake wankewa da amoniya. Ana so a ƙara ajujuwa, injiniya ya ce sai an kawo masa fayil ɗin DWG, wato na manhajar zanen gini ta AutoCAD. Na kai shagon kwamfuta an yi sikanin, an ba ni PDF, na saka shi a wata manhajar juyawa ta kyauta. Abin da ya fito gutsattsarin layuka ne dubbai, bango ya karkace, rubutu ya koma kamar tafiyar tsutsa. Ina kuskuren yake, kuma yaya ake yi?

Amsa: Malam, abin da ka samu shi ne abin da kowa ke samu idan ya miƙa wa manhajar juyawa hoton amoniya kai tsaye. Ga zanen gini mai awo a rubuce, hanyar masu aikin ita ce a yi sikanin mai kyau, a shimfiɗa hoton cikin AutoCAD, a daidaita sikelinsa, sannan a sake zana ginin a kansa ana bin lambobin da mai zane ya rubuta, ba ana bin tawada ba. Juyawa ta atomatik tana da wurinta, za mu zo kanta, amma fulan ɗin makaranta ba wurinta ba ne.

Sikana ba ta san bango ba, ba ta san ƙofa ba. Rarraba takardar take yi zuwa ƙananan ɗigo, ta rubuta haske ko duhun kowanne. Idan an sa ta a ɗigo 300 cikin inci ɗaya, faɗin kowane ɗigo milimita 0.085 ne. Shi kuwa fayil ɗin DWG ko ɗan'uwansa DXF ba ɗigo yake ajiyewa ba, bayani yake ajiyewa: layi ya tashi daga nan ya tsaya can, da'ira cibiyarta nan, faɗinta kaza. Aikin manhajar juyawa shi ne ta yi hasashen wannan bayani daga tarin ɗigo. Da farko takan mayar da komai baƙi ko fari, sai ta riƙa kankare kowane layi ta gefe biyu har ya rage ƙashin bayansa mai kaurin ɗigo ɗaya, sannan ta bi wannan ƙashin tana jera gajerun layuka. A kowane mataki akwai ɓarna. Inda bango biyu suka haɗu kamar harafin T, kankarewar kan lanƙwasa mahaɗar ta koma kamar Y. Inda tawada ta koɗe, layi ya yanke. Sawun ninkin takarda ya zama bango. Bakan da ke nuna buɗewar ƙofa ya zama guntaye talatin ko arba'in maimakon baka ɗaya. Lambar da ta taɓa layin awo ta narke a cikinsa, ba lamba ba layi.

PDF ɗin da aka ba ka kuma buhu ne kawai, hoto ne a ciki. Ka ƙara girmansa sosai a allo: in ka ga gefen layi ya zama hawa-hawa kamar matakalar bene, ɗigo ne. Tun fitowar AutoCAD 2017 akwai umarnin PDFIMPORT, yana kuma aiki da kyau, amma ga PDF ɗin da tun asali daga kwamfuta aka fitar da shi. In ka ba shi na sikanin, hoton zai manna maka, shi ke nan.

A ce ma juyawar ta fito tsaf, ba gutsure ko ɗaya. Har yanzu ba ta ba ka ginin ba, takardar ta ba ka. Masu zanen da suna amfani da alƙaluman tawada masu baki 0.25, 0.35, 0.5 da 0.7 na milimita, kuma bangon da aka yanka akan ja shi da mai kauri. A sikelin 1:100, layi mai kaurin milimita 0.5 yana wakiltar milimita 50 a ƙasa. To bangon bulo inci tara, wanda ya kamata ya fito 225, manhaja za ta ba ka 208 a nan, 241 a can, gwargwadon yadda hannun mai zane ya motsa da yadda tawada ta baje. Shi mai zanen ya san da haka, shi ya sa ya rubuta lambobin, shi ya sa ma a ƙasan zane da yawa za ka ga gargaɗin kada a ɗora rula a auna. Lamba ita ce magana. Layi nuni ne kawai.

Fara daga takardar. In akwai asalin zanen a kan takardar nan mai shara-shara da aka ja da tawada, nemo shi ko da zai ɗauke ka mako guda, domin na amoniya kwafi ne, kuma hasken rana na cinye shuɗinsa. In babu, ka warware shafukan, ka shimfiɗa su a tebur, ka danne da allo da littattafai kwana biyu ko uku. Kada ka kusanto da dutsen guga. Inda ya yage, ka liƙe ta baya, kada ta gaba, don salatif na ƙyalli a idon sikana, tsohonsa kuma ya riga ya bar rawayan tabo. Takardar da ta yi laushi ko gara ta taɓa gefenta, a sa ta cikin rigar leda mai haske kafin a tura ta injin, in ba haka ba robobin jan takarda za su ƙarasa ta.

A1 milimita 594 ne da 841, saboda haka sikana mai faɗi ake buƙata, irin wadda ke jan takarda ta wuce, wadda ake samu a wuraren buga zanen gine-gine. Kada ka yarda a yi maka shi gunduwa-gunduwa da ƙaramar sikana ta A4 a harhaɗa. Kowace gunduwa da irin karkatarta, kuma a mahaɗa bango ba zai taɓa haɗuwa ba. Hoton waya ya fi wannan muni, domin gefen da ya fi nisa da kyamara yana tsukewa, gilashin kuma yana lanƙwasa layukan gefe.

Ga abin da za ka gaya wa mai injin. Ya sa ɗigo 400. Dalili: layi mai 0.25 a ɗigo 200 bai wuce ɗigo biyu ba, da an ɗan tsabtace hoton zai ɓace. A 400 yana da kusan huɗu. Ɗigo 600 sai ga zane mai ƙananan rubutu ƙwarai, in ba haka ba nauyi kawai za ka jawo wa kwamfutarka. Ya yi shi da launin toka-toka, kada ya bar injin ya yanke hukuncin baƙi da fari da kansa, domin a takardar amoniya bayan shafi ba fari ba ne, kuma duhunsa ba ɗaya ba ne daga tsakiya zuwa gefe. Ya ajiye shi TIFF ko PNG. JPEG kam a'a: yana matse fayil ne ta hanyar zubar da bayani, sai ya bar wata ƙura-ƙura a kewayen kowane layi da kowace lamba. Shafin A1 a ɗigo 400 ya kai ɗigo miliyan 124, wato kusan megabait 124 kafin a matse, don haka ka tafi da filashi mai sarari. Kuma kada a turo maka ta WhatsApp a matsayin hoto, zai rage shi ya koma abin da ba ya karantuwa. Kafin ka bar shagon, ka buɗe shafi ɗaya, ka ƙara girman lambar da ta fi ƙanƙanta, ka tabbata kana bambance 3 da 8, da 1 da 7.

Tsabtacewa ba ta da wuya. Manhajar gyaran hoto ta GIMP kyauta ce kuma ta isa. Ka ajiye asalin sikanin a folda dabam, kada ka taɓa shi. A kan kwafi, ka miƙar da hoton ta bin dogon layin da ke kewaye da shafin, ka yanke gefen banza, ka ƙara bambancin haske da duhu har bayan shafi ya yi fari ba tare da siraran layuka sun tafi ba. In hoton mai launi ne, akwai wata dabara: raba shi launi-launi ka ɗauki sashen ja, a nan shuɗin layi ke fitowa da duhu sosai. Tunda da ido za ka bi shi, ba dole ne ka mayar da shi baƙi da fari zalla ba. In ka mayar, ka ajiye shi TIFF mai matsewar Group 4, fayil ɗin zai yi sauƙi ƙwarai.

Yanzu a AutoCAD. Ka fara da UNITS ka sa milimita. Ka ƙirƙiri leya (layer, wato shimfiɗar da ake ware wani sashe na zane a kanta) ta musamman don hoton, ka kawo shi da IMAGEATTACH, ka rage masa kaifi da IMAGEADJUST don layukanka su fito a kansa, ka tura shi baya da DRAWORDER. Sai sikeli, kuma nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Ka nemi awo mafi tsawo da aka rubuta a shafin, a ce tsawon jerin ajujuwa 36,000. Ka buga SCALE, ka zaɓi hoton, ka ɗauki zaɓin Reference, ka danna farkon layin awon da ƙarshensa, ka rubuta 36000. Kada ka yi wannan da faɗin ƙofa: kuskuren ɗigo biyu a kan 900 zai ninku sau arba'in a tsawon ginin. Umarnin ALIGN yana yin sikelin da miƙarwa lokaci guda, in ka ba shi maki biyu.

Da ka gama, ka auna wani dogon awo a ɗaya ɓangaren, na tsaye. Sau da yawa za ka ga inda aka rubuta 9,000 ya ba ka 9,060 ko 8,950. Ba kai ka yi kuskure ba. Takarda na shan laima da damina ta miƙe, ta bushe da hunturu ta tsuke, kuma ba daidai take yi a tsawo da faɗi ba. Injin amoniya ya ja ta sau ɗaya, sikana ta sake ja, kowanne da ɗan santsinsa a hanyar da takarda ke tafiya. Maganinsa shi ne ka mayar da hoton BLOCK, wato dunƙulallen abu guda, sannan a Properties ka ba X sikelinsa, Y nasa dabam: in 9,000 ya fito 9,060, ka ninka sikelin Y da 9000 bisa 9060, wato 0.9934. In murɗewar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina, kamar kusa da ninki, sai kayan aikin Raster Design, ƙarin manhajar da ke aiki cikin AutoCAD, ko na daidaita hoto da ke cikin manhajar taswira ta QGIS, inda ake kafa maki da yawa a ja hoton kamar roba. Ga fulan mai awo ba sai ka wahalar da kanka har can ba. Ya isa hoton ya zauna kusa, tunda lambobi za ka bi. Daga nan ka kulle leyar.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka duba tun kafin ka ja layin farko, musamman in zanen ya kai shekarun 1970 ko kafin nan: da ƙafa da inci aka yi shi, ko da mita? Tsofaffin zane da yawa sikelinsu kashi ɗaya cikin takwas na inci ne a madadin ƙafa ɗaya. Wannan 1:96 ne, ba 1:100 ba, kuma a ido ba ka rabe su. Ɗaki mai ƙafa 12 milimita 3,658 ne. In ka ɗauka 1:100 ne, zai fito 3,810. Bambancin 152, kaurin bulo inci shida cif, a kowane ɗaki. Haka rubu'in inci a ƙafa 1:48 ne, ba 1:50 ba. In lambobin na ƙafa da inci ne, ka juya su ɗaya bayan ɗaya da 25.4 a kowane inci, kada ka riƙa cike su zuwa lamba mai daɗin faɗi tun yanzu, don cikon na taruwa.

Zanawa. Ka kunna ORTHO da maɓallin F8 don layi ya tafi a miƙe. Ka fara da layukan tsakiya na ginshiƙai ko na bango in akwai su, ka jera su da OFFSET kana rubuta lambobin da ke takarda. Daga tsakiya ka fitar da kaurin bango, 225 ko 150, yadda zanen ya nuna. Kusurwoyi ka haɗa su da FILLET, ka sa Radius ɗinsa a sifili. Ƙofa da taga ka zana kowane iri sau ɗaya, ka mayar da shi BLOCK, ka riƙa sakawa. Bango da leyarsa, ƙofofi da tasu, awo, rubutu, wutar lantarki, famfo, kowanne dabam. Za ka ga layinka wani lokaci ya kauce wa tawadar da milimita 30 ko 40. Bar shi, kai ne a kan daidai. Amma in ya kauce da 300, tsaya: ko ka karanta lamba ba daidai ba, ko mai zanen ya canja awo bai sake zana wurin ba, abin da ake yawan yi a zamanin da gyara ke nufin kankare tawada da reza.

Ka kuma tara ƙananan awo ka gwada da babban. In ɗakuna da bangwaye sun ba da 35,850 alhali a sama an rubuta 36,000, akwai 150 da ta ɓata, galibi bangon tsakiya ne aka manta. Kada ka raba ta ga ɗakuna a ɓoye don lissafi ya cika. Ka buɗe leya mai jan launi, ka kira ta "ba a tabbatar ba", duk abin da ka ɗauka daga hoto don babu lamba, da duk inda lambobi suka saɓa, ka sa shi can da ɗan bayani. Injiniya zai fi gode maka a kan wannan leyar fiye da sauran aikin duka.

Rubutu da hannu za ka sake bugawa. Manhajojin karanta rubutu suna ƙoƙari a kan rubutun inji, amma rubutun hannu a takardar amoniya yana rikita su. A shafukan ƙarfe abin ba wasa ba ne: Y12 da Y16 rodi biyu ne dabam, tazarar 150 da 180 ma haka. Mutum biyu su yi shi, ɗaya na karanta takarda da murya, ɗaya na duba allo.

Sannan tunda ƙari za a yi, ku sani fulan yana faɗin abin da aka yi niyya ne, ba lalle abin da birkila ya gina ba. A ɗauki tef a je wurin da bugun sabon zanen. A auna tsawo da faɗin ginin ta waje, kusurwa zuwa kusurwa a cikin ɗaki biyu ko uku don a ga ko ɗakin ya zauna daidai, da inda ginshiƙai suke, musamman a gefen da sabon gini zai manne. A tuna tef yana auna har da filasta, zane kuwa galibi bulo tsirara yake nunawa, don haka ɗaki zai fito ƙasa da abin da aka rubuta da kamar milimita 25 zuwa 30. Wannan ba kuskure ba ne.

In a cikin shafukan akwai na safiyo, shi kam kada ma ka bi layinsa. Kowane gefe yana da kusurwa da tsawo a rubuce. A UNITS ka sa kusurwa ta fara daga arewa, ta juya yadda agogo ke tafiya, ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko layin ƙarshe ya dawo kan dutsen farko. Tsofaffin takardun safiyo a Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsarin da ake lissafa matsayin wuri da shi, waya da hotunan tauraron ɗan'adam kuwa wani tsarin mai suna WGS84 suke bi, tazarar da ke tsakani mita gommai ce. In ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba juyawa, sai ka ga katangar makaranta a tsakiyar titi. Wannan sashen a bar wa safiyo mai rajista.

To ina juyawa ta atomatik ke da amfani? Inda siffa ce abin nema, ba lamba ba: layukan tudu da kwari a taswira, tambari, adon ƙyauren ƙarfe da za a yanka da injin filasma ko leza, zanen dagi da za a sassaƙa a katako. A nan akwai zaɓi ɗaya da mutane ke tuntuɓe a kansa. Bin gefe dabam, bin tsakiya dabam. Potrace, kayan juyawar da ke cikin manhajar zane ta Inkscape, gefe yake bi: yana zagaye duk wani baƙi, don haka siffa cikakkiya kamar fure takan fito da kyau, amma siririn layi ɗaya sai ya zama layi biyu da suka rufe kansu. Ga zanen layi, bin tsakiya ake so, irin wanda Scan2CAD da Raster Design ke yi, kuma suna iya gane baka da da'ira su ba ka su a matsayin abu ɗaya. Raster Design yana da hanyar da na fi yarda da ita: kai ka danna layi, shi ya bi shi, in ya iso mararraba ya tsaya ya jira ka nuna masa hanya.

Ko da wanne ka yi, sai an share bayansa. OVERKILL na cire layukan da suka hau kan juna. In ka bar su, injin yanka zai bi wuri ɗaya sau biyu ya ƙona bakin ƙarfen. PEDIT da zaɓin Join, da ɗan rangwamen tazara kamar rabin milimita, na haɗa gutsattsari su zama zare ɗaya. Kowace siffa da za a yanka dole ta rufu, ko ramin da ido ba ya gani ya isa injin ya ƙi ta. Da'irar ramin ƙusa ka goge wadda manhaja ta fitar, ka zana ta gaske. In injin tsoho ne, ka fitar da DXF na R12, wanda kusan kowace manhaja ke karantawa, sai dai ba ya ɗaukar lanƙwasa mai santsi, yana mayar da ita gajerun layuka, don haka ka duba yawansu. Ka sa murabba'i mai 100 da 100 a gefen zanen. In mai injin ya buɗe ya ga 2,540 ko 3.94, an rikita inci da milimita ke nan, kuma gara a gani a allo da a gani a kan falan ƙarfe.

Mu koma kan shafukanka 14. Ba lalle ne duka a sake zana su ba. Ka tambayi injiniyan waɗanda zai yi aiki a kansu; galibi fulan na ƙasa ne, da na harsashi, da na rufi, da yanki ɗaya ko biyu masu nuna tsayi. Sauran a bar su hoto mai tsabta, a haɗa masa. In babu AutoCAD, LibreCAD da QCAD suna saka hoto a ƙarƙashi kuma suna fitar da DXF, wanda injiniyan zai buɗe ba matsala. Sabon fayil ɗin ba ya maye gurbin takardar da ke ɗauke da hatimin hukuma, don haka a naɗe ta, kada a ninke, a ajiye inda rana da laima ba sa kaiwa.

Kafin ka miƙa, ka buga PURGE da AUDIT don share tarkace da gyara kurakuran fayil, ka ajiye DWG ɗin a tsarin 2013 don ya buɗu a tsohuwar manhaja. Ka kuma tuna AutoCAD ba ya haɗiye hoton cikin fayil, adireshinsa kawai yake riƙewa. In ka tura DWG shi kaɗai, injiniya zai ga fanko da sunan fayil a inda hoton yake. Ka sa su a folda ɗaya, ko ka yi amfani da ETRANSMIT ya ɗaure maka su tare, sannan ka gwada buɗewa a wata kwamfutar kafin ka aika.